Mai Gadi da Ɗan Aike

Kakana Ilu gora yake kafawa a bakin kogin Haɗeja,
ya tsaga mata zane bakwai da askar aljihu.
Ruwa ya taɓa na biyar, a tashi matan gida.
Na shida, a kwance awaki.
Na bakwai bai taɓa faɗa mana abin da ake yi ba.
Damina arba'in bai san barcin Agusta ba.

Gorar gara ta ci.
Rashin barcin ni na gada.

Yanzu a ɗakin ajiya na asibitin ƙauyenmu, gabas da Auyo,
tsakanin kwalin allura da tsohuwar fitilar ƙwai,
akwai 'yar kwamfuta, tafin hannuna ya fi ta faɗi,
sola ke ciyar da ita.
Ma'aunin da muka ɗaure a ƙafar gada
yakan aiko mata lamba, ta zuba a fayil guda.
Lambar ta zauna shiru kamar kuɗi a asusu
sai na zo na leƙa.
Ranar da ban zo ba fa?

Bayan isha'i na buɗe baƙin allo,
sauro na karanta min layi a kunne.
Can ciki akwai madugu,
shi ke tada kowane aiki, shi ke kwantar da shi.
Na rubuta masa takarda biyu.

Ta farko ta mai gadi ce, layi uku:
ga fayil, ga ɗakin da yake kwana, zuba masa ido.
Ta biyu ta ɗan aike:
in an tashe ka karanta lambar,
in ta haura zane na biyar
buga wa Tanimu mai unguwa, buga wa ladan,
buga wa Uwale mai shinkafa a ƙasan fadama,
ka gama, ka koma ka kwanta.
Suna ɗaya na raɗa musu, a wutsiya suka bambanta,
don in mai gadi ya yi kira kada baƙo ya amsa.

Daren farko na sha kunya.
Cewa na yi ya farka da an taɓa fayil.
Ma'auni bai gama rubutu ba, ɗan aike ya diro,
ya tarar da wuri wayam,
ya ɗauka shiru ma mugun labari ne.
Ladan ya kunna lasifika.
Ƙarfe biyu, rabin gari na kan kwalta da tabarmi,
sama fes, taurari na kallonmu.
Uwale ta gyara goyo ta ce,
“Hansatu, ruwan naki a waya ya tsaya?”

Kalma ɗaya na canza:
jira a rufe fayil tukuna.
Ba a ɗaukar magana daga bakin da bai rufe ba.

Sati na gaba batir ya mutu, na'ura ta sake tashi,
mai gadi ya yi kwanciyarsa.
Ashe da hannu na tashe shi ranan,
ban sa sunansa cikin masu farkawa da kansu ba.
Na sa.
Na zare waya, na mayar, na zare, na mayar,
har ya gaji da ni, yana tashi kowane karo.

Daren sha tara ga Agusta na yi barci.
Barci na gaske, har da mafarkin kasuwar Gujungu.
Uku da minti goma sha biyu waya ta yi kuka.
Kafin in sami takalmi
Tanimu ya kwance shanu,
Uwale na jan buhun iri zuwa tudun makaranta,
ba ta ce min komai ba, ta dai miƙo min bakin buhu.

Da safe na karanta littafin madugu:
an tashe shi, ya aika, ya kwanta.
Layi uku, babu fariya.

Duk da haka na sare sabuwar gora
na kafa ta cikin kacala a ƙafar gada,
na tsaga mata bakwai.
Na biyar da na shida ɗan aike ya haddace.
Na bakwai, na daɗe hannuna kan madannai,
na bar layin babu komai.